Ranar da Jikan Sarkin Ruwa Ya Hana a Kunna Inji

Bari in tona wa kaina asiri kafin Mumuni ya riga ni. Ni Alhaji Sabo mai batir, da furfurata da jikokina, na zauna a gaban mutane a ƙasar Chana na ce kakana Sarkin Ruwa ne. Kakana dillalin jakuna ne a Gezawa. Ni kuwa ruwan da na sani bai wuce na randa ba, sai kogin Wudil da nake leƙawa ta saman gada. Wannan ƙarya ce ta kusa sa in rasa jirgin komawa gida a ranar da bizata ke ƙarewa.

Tun da na dawo, ko wayar wuta ƙafa ɗaya mutum ya zo saya a shagona sai ya ja benci ya ce, "Alhaji, yaya Chana?" Na lura duk maimaitawar da na yi sai labarin ya ƙara tsawo, shi ya sa na ce gara in rubuta shi ya tsaya wuri ɗaya. A aji uku na ajiye boko, wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Shekara ashirin na yi ina tuƙin babbar mota kafin gwiwa ta ce ta gaji, na koma sayar da batirin sola da inbata. Kayana daga Guangzhou suke zuwa, ta hannun Mumuni, mutumin Zangon Kumasi da ya daɗe can yana yi wa mutane lodin kwantena. A waya kawai muka san juna. Bana na ce zan je in ga inda ake ƙera abin da nake rantsuwa a kansa kullum.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jira har gindina ya mutu, sannan muka hau wani jirgin. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Kantin Kwari, wadda ta ce ita ta daina ƙirga zuwanta. Ta karɓi fasfona ta duba, ta duba tikitina, ta dube ni.

"Alhaji, ranar da bizarka za ta ƙare ka sa komawa?"

"Hajiya, kwanakin na biya kuɗinsu, ai sai na cinye abina."

"To Allah Ya fisshe ka. Mutanen nan ba su san uzuri ba. Ka ƙara kwana ɗaya, ga tara, ga tsarewa, in ba ka yi sa'a ba ka yi sallama da ƙasar ke nan."

Na ce mata in sha Allahu, na juya na yi barcina.

A wurin jami'an shige da fice aka sa ni ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sitiyari da ruwan batir sun cinye zanen yatsuna tas. Layi ya taru a bayana, jami'in ya fito da wani ɗan mai ya shafa mini a hannu kamar amarya, sannan na'urar ta yarda ni mutum ne. Ina fitowa na ji an ce, "Bakano! Ashe gajere ne kai!" Mumuni ke nan. Na girme shi da shekara goma sha biyu, amma bakinsa bai san haka ba.

Ya kama mini ɗaki a wani masauki a kan titin Huanshi Lu, kusa da unguwar Xiaobei inda mutanenmu suka fi yawa. Ɗakin, in ka shimfiɗa darduma sai ka ɗora jakarka a kan gado. Ba buta a banɗaki. Kwana biyu ina alwala da tukunyar dafa shayi kafin wani ɗan Maraɗi ya nuna mini shagon da ake sayar da buta irin tamu, wadda ashe ma daga nan ake kai mana ita. A titi kuwa Hausa kake ji ko'ina, ta Kano, ta Nijar mai haɗe da Faransanci, ta Gana mai sauri. Har 'yan Chana masu shaguna suna cewa "Alhaji, zo, zo."

Abinci ne ya ba ni aiki. Akwai Musulminsu masu fararen huluna, suna jan taliya da hannu a gabanka, su zuba romon naman sa. Daɗi kam akwai, amma da sanduna biyu ake ci. Na yi fama har taliyar ta huce, mai shagon ya ji tausayina ya kawo mini cokali mai yatsu, yana kallon gefe don kada in ji kunya. Ka nemi ruwan sha kuma a kawo maka mai zafi, kai ba majinyaci ba. Ranar da Mumuni ya hau da ni bene na tara wurin wata mata mai tuwo da miyar kuka, saura kaɗan in yi hawaye a cikin kwano. Na je kasuwar tufafi ta Baima da takardar saƙon uwargida, na yini ina nuna hoto ana ce mini "meyo", wato babu, har na fara jin kalmar a mafarki.

Saura kwana biyu in taho muka je masana'antar batir. Mai ita sunansa Chen, amma kowa "lawban" yake ce masa, wato maigida. Mutum ne mai fara'a, ɗan shekara hamsin. Ya zaga da mu, sannan ya kai mu cin abinci wurin Musulmi. Aka kawo wani ƙaton kifi sukutum, aka juya kansa ya fuskance ni. Mumuni ya raɗa mini cewa haka suke yi wa babban baƙo. Muka cinye gefen sama. Ni da sandunan nan ba zan iya juya kifi ba, don haka na sa hannu na ɗage ƙayar gaba ɗaya na ajiye gefe, na ci gaba da cin na ƙasa.

Sai lawban ya tafa hannu ya yi ta magana. Mumuni ya ce, "Wai a wurinsu masu jirgin ruwa ba sa juya kifi, don kamar ka kifar da jirgi ne. Yana tambaya, kai ma ɗan gidan ruwa ne?"

Nan ne ya kamata in ce a'a. Amma mutum shida na kallona da sha'awa, kuma tun da na zo ƙasar ban yi abu ɗaya daidai ba sai wannan. Na gyara zaman hula na ce, "Gaya masa kakana Sarkin Ruwa ne." Mumuni ya fassara, kuma na ga fassarar ta fi maganata tsawo. Daga baya ya ce ya ƙara mini jirage arba'in.

Lawban ya ce ai shi ke nan, yana da jirgin shaƙatawa a Nansha, bakin teku, wanda ke aiki da batirin kamfaninsa, dole jikan Sarkin Ruwa ya gani. Ranar da yake da sarari kuwa ita ce ranar tafiyata. Mumuni ya yi lissafi ya ce, "Jirginka na dare ne. Mu zuba kayanka a but ɗin motar lawban tun safe. Amma ka ji, in ƙarfe shida ta yi ba mu cikin mota, ka manta da Kano."

Jirgin fari ne, tsawonsa ya kai tirela. A tsakiya akwai dogon ƙarfe da ake ɗaga ƙaton ƙyalle a kai, iska ta tura. A ƙasa kuma inji ne mai aiki da batir, ba ƙara ba hayaƙi. Abin da ya fi burge ni, in kana tafiya da iska, ruwa na juya farfelar injin, batir na samun caji. Mai tuƙin wata mata ce da ta kusa sa'ata, fuska duk rana ta ƙona, ba ta da yawan magana. Ban riƙe sunanta ba, Gwaggo na sa mata. Mu huɗu ne a ciki: ita, lawban, Mumuni da ni.

Fita ta yi daɗi. Da inji muka bar tasha, sannan ta kashe, ta ɗaga ƙyalle, iska na bayanmu. Jirgi na tafiya shiru, sai ƙarar ruwa. Muka ci 'ya'yan itace, aka dafa shayi, ina gyaɗa kai irin na wanda ya saba.

Wajen ƙarfe biyu Gwaggo ta juya kan jirgi. Ta yi wa lawban magana tana nuna wani ɗan allo mai lamba sittin, tana nuna ruwa. Mumuni ya fassara mini: cajin batir sittin cikin ɗari, in aka kunna inji yanzu, awa ɗaya da rabi mun isa, har da ragowa. In da ƙyalle ne, iska daga gabanmu take, sai an yi ta kewaye. Kuma ruwan teku yana da lokacin shigowa da lokacin janyewa, an jima zai fara janyewa.

Lawban ya juyo gare ni da hannu biyu, ya ɗan rusuna. Wai babban baƙo, kuma ɗan gidan ruwa, shi zai zaɓa. Ƙyalle ko inji?

Ku da kuka san direbobin da, kun san halinmu. In muka kai gangara sai mu sa mota a firi, mu kashe inji, mu bar Allah Ya tura. Man da ka tsira da shi naka ne. Shekara ashirin ina haka, ya shiga jinina. Ga iska na kaɗawa kyauta, har tana ƙara maka caji, a ce in ƙona batir? Na ɗaga yatsa sama kamar ina auna wani abu, na ce, "Ƙyalle."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi lawban. Lawban ya ce mata wani abu gajere. Ta ɗaga kafaɗa ta ja igiya.

Mumuni ya matso yana murmushi har kunne don kada su gane, ya ce da Hausa, "Alhaji, Allah Ya shirye ka. Me ka sani a iska ban da ta taya?"

Ni ma na yi murmushi na ce, "Rufe mini baki, ɗan Zango. Wa ya ƙara jirage arba'in?"

Ashe jirgin ƙyalle ba ya shiga iska kai tsaye. Sai ka yi dama ka yi nisa, ka juyo ka yi hagu, tafiyar maciji. Duk juyawa kuma sandar ƙarfen da ke ƙasan ƙyallen sai ta wulwulo ta ɗaya gefen. A juyi na biyu ta ɗebe mini hula, zanna bukar sabuwa, ina kallo ta kama hanyar Hong Kong. Na tashi sallar la'asar, na kabbara ina fuskantar alƙibla, kafin in yi ruku'u alƙibla ta koma bayan kunnena. A zaune na ƙarasa, ina riƙe da ƙarfe.

Duk da haka da na ga allo ya nuna sittin da biyu, sai na taɓa Mumuni na nuna masa. Lawban ma ya ɗaga mini babban yatsa. Na ji kaina ya ƙara girma, ko da yake ba hula.

Kusan ƙarfe huɗu iska ta ɗauke, kamar yadda ake ɗauke mana wuta, ba sallama. Ƙyalle ya saki jiki yana lilo. Akwai wata jar ganga da aka ɗaure a ruwa don nuna hanya, mun wuce ta da daɗewa. Ina zaune sai na gan ta ta zo ta gefenmu, ta wuce mu, ta yi gaba. Na ce wa Mumuni, "Gangar nan tafiya take?"

"Ganga na nan inda take. Mu ne muke komawa teku da baya."

Na dubi agogo. Na tuna Hajiyar Kantin Kwari. Na ga kaina a ɗakin tsarewa, ana buga wa uwargida waya a ce mijinki ya tafi yawon ruwa.

Na ce, "To su kunna mana."

Mumuni ya ce, har yanzu da murmushin nan nasa, "Ba za su kunna ba. Kai aka ba zaɓi a gaban kowa. In lawban ya sa aka kunna, ya nuna baƙonsa bai san abin da yake yi ba, ya zubar maka da mutunci, shi ma nasa ya zube. Yana ganin akwai wata dabara da kake jira. Ni kuma in na faɗa, na ƙaryata dattijo kuma na ƙaryata fassarata. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance."

Na dubi lawban. Yana ta zuba mini shayi, yana satar kallon agogonsa, gumi a goshinsa. Gwaggo na zaune, hannu ɗaya a kan sitiyari, tana ɓare gyaɗa.

Kun san a wurinmu dattijo ba ya cewa "na yi ƙarya." Sai dai ya ce "an samu rashin fahimta." Na yi minti goma ina neman hanyar da zan bi in fita da rigata ba datti. Na yi tunanin in ce a garinmu in iska ta ɗauke, al'ada ce a kunna inji. Amma in na ci gaba da zama jikan Sarkin Ruwa, duk abin da ya biyo baya ni za a sake tambaya, ni kuwa na ga inda sanina ya kai mu. Jar gangar nan kuma sai ƙanƙancewa take.

Na miƙe, na riƙe igiya, na ce, "Mumuni, fassara, kuma kada ka ƙara ko gishiri. Kakana jakuna yake sayarwa. Ni direban mota ne. Yau na fara shiga jirgin ruwa. In ban hau jirgin sama yau ba, gobe ni mai laifi ne a ƙasarku. Baiwar Allah nan ita ta san aikinta, ta yi yadda ta ga dama."

Mumuni ya faɗa. Wannan karon fassarar ta fi maganata gajarta. Sai Gwaggo ta watsar da ɓawon gyaɗa, ta fashe da dariya har tana dukan cinya, ta danna maɓallin inji. Lawban ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ka ce kyauta na ba shi. Ashe shi ma a ƙage yake.

Amma ba a gama ba. Gwaggo ta ce yanzu ruwa na janyewa da ƙarfi, kuma mun ƙara nisa. In ta buɗe wuta, batir zai mutu a hanya. Na ce ba ɗan janareto na ko-ta-kwana? Ta dubi lawban. Lawban ya sunkuyar da kai ya ce, "Meyo." Akwai janareton, amma shi ya hana a zuba masa mai, don ya nuna mini batirinsa ba ya bukatar taimako. Na ji sanyi a raina. Ashe ba ni kaɗai ne wawa a jirgin ba.

Abin da ta yi shi ne, ba ta zaɓi ɗaya ba. Ta bar ƙyalle a sama, ta sa inji a hankali, ta matsa da mu can gefe kusa da gaɓa inda jan ruwa ba shi da ƙarfi. Duk 'yar iskar da ta taso sai ta ja igiya ta kama ta, ta rage wa inji wuta. In ta wuce ta ƙara. Idonta na kan ruwa, na kan ƙyalle, na kan allo.

Ni kuma a nan na samu abin da na iya. Ba wanda zai koya wa mutumin Kano lallaɓa batir. Na sauka ciki na kashe firij, na kashe na'urar sanyaya ɗaki da aka bari tana ta aiki ba kowa, na zare tukunyar shayi, na kashe fitilun ado da rediyo. Na zare wayar lawban daga caji na miƙa masa. Da na fito Gwaggo ta dubi allo, ta dube ni, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Wallahi ya fi mini kan kifin nan daɗi.

Muka sake wuce jar ganga, wannan karon ta hanyar da ta dace. Allo na sauka: talatin, ashirin, goma sha biyu. Mumuni ya daina murmushi, yana jan carbi. Da muka shigo tasha lamba na kan huɗu, agogo na kan shida saura minti biyar. Ban jira an gama ɗaure jirgi ba na yi tsalle, gwiwar da ta yi ritaya ta dawo aiki. Na waiwayo na ce wa Gwaggo "sheshe, sheshe," iyakar godiyar da na iya da yarensu. Ta riƙe Mumuni ta faɗa masa wani abu, ya biyo ni da gudu.

Direban lawban ya yi tuƙin da ni kaina na sara masa. Muka ratsa cunkoson gari, muka isa filin jirgi ana shirin rufe karɓar kaya. Da ma'aikaciyar ta miƙo mini takardar shiga jirgi, sai na ja gefe. Na zauna a kan jakar saƙon uwargida na yi hamdala ta fi a ƙirga, kaina ba hula, rigata duk gishiri.

A bakin ƙofar da ba a wuce ta sai matafiyi, Mumuni ya rungume ni, sannan ya riƙe mini hannun riga.

"Bakano, Gwaggo ta ba ni saƙo. Ta ce tun da ka ɗora ƙafa a jirgin ta san ba ka taɓa shiga ruwa ba, jira kawai take ta ga ƙarfe nawa za ka faɗa."

Na ce to, ai na faɗa.

Sai ya ƙarasa saƙon. Ban ba shi amsa ba a lokacin, na ja jakata na shiga layi, kuma duk wayar da muka yi tun daga ranar ban ba shi ba.

"Ta ce in tambaye ka: da ba ka da jirgin da za ka kama yau, da har yanzu muna can?"